Ɗan Tsako a Wuyan Kwalba

An haifi Tawada ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1972, a ɗakin ƙurya na wani gidan haya da ke bayan shagon masu facin taya. Ɗan ƙanwata ne, kuma ɗalibina ne na shekara biyu a firamare. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a kansa da idona na gani, inda kuwa ji na yi zan faɗi daga bakin wanda na ji. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mutum mai ƙarancin magana, yakan wuni da ƙaramin gilashi maƙale a ido ɗaya bai ce uffan ba. A wurinsa yaron ya gaji natsuwar hannu. Taurin kai kuwa daga ɓangarenmu ya ɗauko, ba zan ɗora wa kowa ba.

'Yan ajinsu ne suka laƙaba masa Tawada, domin yatsunsa uku na dama ba sa rabuwa da baƙi, ko da an goge su da soso da sabulu. Laƙabin ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, har ya kai ga masinja yana rubuta shi a bayan ambulan.

Karonmu na farko da shi a aji biyar ne. Na raba wa yara taswira, na ce kowa ya shafa kore a yankin da ruwan sama ke da yawa, ya shafa ja a yankin da ake fari. Yara arba'in da ɗaya suka bi umarni. Shi kuwa ya kawo mini tasa babu ko ɗigon launi. Ya cika yankin ruwa da ɗigo-ɗigo kamar yayyafi, yankin fari kuma ya ja masa layuka masu tsagewa kamar busasshiyar laka.

Na ce, "Ina launin?"

Ya ce, "Malam, don Allah nuna mini inda ake ruwa da yawa."

Ban ankara ba na ɗora yatsa a kan ɗigo-ɗigon.

Ya ce, "To, ai ka gane."

"Ban tambaye ka ko na gane ba. Umarni na bayar."

Na ba shi maki huɗu cikin goma, na ce ya sake. Washegari ya dawo da taswirar, ɗigon ya fi na jiya tsari, launi kuwa babu. Na ba shi uku. Ya karɓa da hannu biyu cikin ladabi, ya koma mazauninsa. Wannan ladabin ne ya fi ba ni haushi, domin ba a san inda za a kama mai taurin kai mai ladabi ba.

A makon nan uwarsa ta zo mini da ƙara. Ta ce, "Yaya, ka yi wa ɗanka magana. Duk fensirin launin da aka saya masa sai ya sa reza ya tsattsaga gindinsa, ka ce ɓera ne ya kwana a kai." Na karɓi fensiran na duba. Wani tsaga ɗaya, wani biyu, wani uku, wani kuma gicciye. Da na tambaye shi dalili ya ce don kada a sace masa ne. Dalilin ya shiga hankali, ajin nan kuwa da ɓarayin fensir, sai na bar maganar.

Da ya gama sakandare bai nemi ci gaba ba, ya shiga wata maɗaba'a yana koyon aiki, ya yi shekara bakwai a can. A wancan lokacin, da ido ake haɗa tawada. Mai aiki ya ɗebo wannan, ya ɗebo wancan, ya cakuɗa a kan faranti har launin ya yi masa. Tawada ya ƙi yin haka. Ya aro ƙaramin sikelin mahaifinsa, duk launin da maigidan ya haɗa ya yaba, sai ya auna abin da ya shiga ciki ya rubuta a kati. Maigidan maɗaba'ar, wanda ya ba ni labarin da bakinsa, yakan tsaya a kansa ya ce, "Kai mai ɗab'i ne ko mai sayar da zinariya?" Amma idan abokin ciniki ya dawo bayan shekara yana son irin launin bara, wurin Tawada kaɗai ake samunsa ba ragi ba ƙari. Da kwamfuta ta shigo, tsofaffin ma'aikata suka yi ta tsaki, shi kuwa ya rungume ta tun ranar farko. Ya gaya mini cewa abin da ya burge shi da ita shi ne kowane launi yana da lambarsa, babu gardama.

Ya auri wata tela mai yawan dariya da saurin baki, suka haifi 'ya'ya uku, mata biyu da namiji. Ita ce take zaɓa masa tufafi tun makon farko, domin a cewarta idan aka bar shi zai fita kamar tutar 'yan ƙwallo. Cefane ma ta hana shi. Na taɓa iske ta tana zazzage leda a tsakar gida tana cewa, "Kawu, zo ka ga ikon Allah. Mutumin da kamfanoni ke biya don ya zaɓa musu launi, ga tumatirin da ya sayo mini. Rabi ɗanye shar!" Shi kuma yana gefe yana murmushi, ya ce mai tumatirin ya ba shi tausayi ne, tun safe babu wanda ya taya ɗanyun.

A shekarar 1999 wani kamfanin haɗa magunguna ya ɗauke shi aikin zane. Shi ke tsara kwalayen magani da takardar da ake naɗewa a ciki, da kalandar ƙarshen shekara, da allunan gargaɗi na cikin masana'anta. Ofishinsa yana hawa na uku, a ƙarshen baranda, kusa da ɗakin ajiye tsintsiya da bokiti. Tagarsa ɗaya, tana kallon bangon sito. Akwai fanka mai fiffike biyu maimakon uku, da tsohon injin fotokofi da sauran ofisoshi suka yar, shi ya roƙa aka ba shi. A jikin allon kwamfutarsa ya manna katin lambobin launi, wanda ya sha hannu har ya yi laushi kamar ƙyalle. Gefen dama kuma wani gwangwanin biskit ne a rufe, ba ya bari a taɓa.

A wannan ofis ya kafa wata ƙa'ida da ba ta cikin takardar ɗaukarsa aiki. Duk zanen da ya gama, kafin ya kai wa kowa, sai ya sa shi a tsohon injin nan ya fitar da shi baƙi da fari. Sa'an nan ya leƙa baranda ya kira Inna, dattijuwar da ke share hawa na uku, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ya miƙa mata takardar ya ce, "Inna, me wannan yake cewa?" Idan ta faɗi daidai, zane ya wuce. Idan ta juya takardar sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, wannan kam sai ku masu boko," to, ya koma ya fara daga farko, ko da ana jiransa a ƙasa.

Da wannan ƙa'idar ya zana kwalayen maganin tarin kamfanin, wanda shi ne ya fi kowane kaya nasu fita. Maganin iri biyu ne a kwalba iri ɗaya, na manya mai ƙarfi da na yara mai sauƙi, kuma idan aka ba yaro na manya yana iya yi masa illa. A kwalin na yara Tawada ya zana ɗan tsako a cikin da'ira. A na manya ya sa babbar alwatika mai layi-layi, da hoton mutum mai gemu yana tari. Haka ya sa a jikin kwalbar ma. Shekara da shekaru iyaye mata suna shiga kantin magani su ce a ba su mai ɗan tsako, ba su san wani suna ba bayan wannan.

Wannan aikin ofis ke nan. Nasa na kansa kuwa ranar Asabar yake yi. Da hantsi zai ɗauki kujerarsa mai naɗewa da littafin zane da alƙalamin tawada, ya sami gefen titi ya zauna, ya zana abin da ke gabansa: mai walda da tabaransa, mai gyaran takalmi da ƙusoshi a baki, mai kantin magani yana leƙen takardar likita ta saman gilashi, layin masu jiran mota. Duk da baƙar tawada yake yi, bai taɓa shafa musu launi ba. Idan ya gama yakan yi kwafi ya kai wa mai shagon kyauta, shi kuma ya riƙe na asali. Littattafan sun kai talatin da ɗaya, na ƙirga su. Mai walda ya taɓa ce masa, "Tawada, rigata shuɗiya ce sabuwa, ka mai da ni kamar wanda ya fito daga buhun gawayi." Ya ce, "Rigar ta kanti ce, kowa zai iya saye. Wannan karkataccen hancin kuwa naka ne kai kaɗai, shi na zo zanawa." Har yau zanen yana rataye a shagon.

Shekararsa goma sha tara a kamfanin aka kawo sabon manajan talla. Ba zan zalunce shi ba. Matashi ne mai ilimi da fara'a, yana gaida na gaba da shi, kuma abin da ya gani gaskiya ne. Kwalayen kamfanin sun tsufa a ido, na abokan hamayya kuwa farare ne tas, masu ƙaramin rubutu, suna ƙyalli a kanta. Sai ya kawo tsari: kowane kwali ya zama fari, da zare ɗaya na launi a kewaye. Na manya jan zare, na yara koren zare. Babu ɗan tsako, babu mai gemu, ko a kwali ko a jikin kwalba. Ya kira taro ranar Litinin, ya umarci Tawada ya zo da samfurin.

Ban halarci taron ba. Inna da mai kula da sito ne suka ba ni labarinsa, kowa daban, kuma bakinsu ya zo ɗaya in ban da wanda ya fara buga tebur.

Tawada ya shigo da samfurin kamar yadda aka nema, ya jera kwalaye biyu a tebur, kowa ya yaba. Sa'an nan ya zaro takarda biyu daga injinsa, ya ajiye a gefensu. A baƙi da fari zaren biyu sun koma ruwan toka iri ɗaya. Ya buɗe ƙofa ya kira Inna. Ta shigo ɗakin taro da tsumman goge-goge a kafaɗa, manyan kamfani suna zaune.

"Inna, wanne ne na yara?"

Ta duba wannan, ta duba wancan. Ta ce, "Ɗan nan, ai tagwaye ka kawo mini."

Wasu suka yi dariya. Manajan ma ya murmusa, ya ce, "Malam Tawada, ba a fotokofi muke sayar da magani ba. Inna tana da ido." Ya tura mata kwalayen masu launi. "Inna, ga ja, ga kore. Kin gan su?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Wanne za ki ba jikanki?"

Ta yi ɗan tunani, ta ɗauki jan. Ta ce, "Wannan. Yara da son ja."

Manajan ya ce wannan matsala ce ta talla, za a sanar a rediyo, cikin wata uku kowa zai sani. Ya ƙara da cewa ɗan tsakon nan ya sa baƙi suna zaton maganin kaji kamfanin ke sayarwa. Aka sake dariya, har da Tawada.

Da dariyar ta lafa ya ce, "Yallaɓai, a rage girman tsakon, na yarda. A sa shi a kusurwa, na yarda. Amma kada a cire. Ba kowa ke sauraron rediyo ba, ba kowane ɗaki ke da hasken kirki ba. Bayan haka akwai mutanen da Allah ya halitta ba sa bambanta ja da kore sam. A wurinsu kwalayen nan biyu kamar takardun nan ne."

"Na karanta wannan a littafi. Su nawa ne?"

"Ba su da yawa."

"To, ka gani. Ba za mu ɓata kwali miliyan saboda mutanen cikin littafi ba. Amma ga adalci, Malam Tawada. Ma'aikata ɗari biyu ne a ginin nan. Ka kawo mini mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda zai tsaya a gabana ya kasa bambanta waɗannan biyun. Idan ka kawo shi, na janye, tsakonka ya zauna."

Mai kula da sito ya ce Tawada ya sunkuyar da kai yana kallon baƙaƙen yatsunsa, har wani ya yi gyaran murya. Sa'an nan ya ɗago ya ce, "Ba zan kawo shi ba, yallaɓai. Mutum ba abin nuni ba ne. Amma yana nan, kuma yana da 'ya'ya."

A nan ne aka buga tebur. Manajan ya ce ya ji wa'azi ya gode, ranar Juma'a da ƙarfe goma yana son zane na ƙarshe a shirye don maɗaba'a, fari da zare, babu ƙari. In kuwa Malam Tawada ba zai iya ba, akwai masu iyawa.

A gida ba a sha da daɗi ba. Matarsa ta gaya mini cewa ta tsayar da keken ɗinki ta ce masa, "Baban yara, kwali ne fa. Kwali! Shekara goma sha tara za ka zubar a kan ɗan tsakon da ko ƙwai ba zai yi ba? Ni kullum ana kawo mini ɗinkin da na san zai mai da mace kamar buhun albasa, in faɗa sau ɗaya, in ta nace in ɗinka mata." Ya ce, "In rigar ta yi muni, dariya za a yi mata." Ta ce daga nan sai ta koma kan keken ta yi ta taka shi da ƙarfi har allura ta karye.

Ranar Alhamis da la'asar ya zo wurina. Ya zauna a kan tabarma, ya ƙi kujera kamar kullum, ya miƙo mini takardar ajiye aiki ya ce in duba masa ita. Layi shida ce. Na gyara masa waƙafi ɗaya, na soke wata kalma da ya maimaita. Sa'an nan na ajiye biro na yi masa abin da nake gani nasiha ce.

Na ce, "Ɗana, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin nasu ne, maganin nasu ne. Ka faɗi gaskiya a gaban shaidu, ka fita haƙƙi. In wani abu ya faru, ba a wuyanka yake ba."

Ya ce, "Kawu, da hannun wa za a zana?"

"Da naka, amma da umarninsu."

"Uban da zai tsaya da kwalba biyu a hannu, yaro yana tari, ba umarni zai gani ba. Zanena zai gani."

"In ka tafi wani zai zana. Me ka gyara?"

"Ban ce na gyara ba. Na ce ba da hannuna ba."

Na ce masa tun yana aji biyar haka yake, a ce ya shafa launi ya kawo ɗigo. Ya yi dariya ya ce, "Amma ai ka gane taswirar, Malam." Ya karɓi takardarsa da hannu biyu, kamar yadda ya karɓi maki uku.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma ya ajiye takardar a teburin manaja, tare da makullin ofis. Ya ɓamɓare katin lambobinsa daga jikin kwamfuta, ya ɗauki gwangwanin biskit, ya sauko. Inna ta raka shi har bakin ƙofa tana faɗa, rabi da shi rabi da kamfanin. Bayan wata biyu sababbin kwalaye suka fito, farare da zare. Suna da kyau ƙwarai, ban ƙi faɗa ba.

Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan. Ashe shi yanzu ya fara.

Matarsa ta matsar da keken ɗinki ɗaya, ta ba shi rabin shagonta. A nan ya kafa tsohuwar kwamfuta yana zana allunan shaguna da katunan gayyata da bangon littattafan makaranta. Aikin farko da ya buga a wurin kuwa ba na kowa ba ne: sitika ce ƙarama, ɗan tsako a cikin da'ira. Ranar Asabar, maimakon littafin zane, ya ɗauki jakar sitika ya bi kantunan maganin unguwannin da ya yi shekaru yana zanawa. Kusan kowane kanti da hoton mai shi a bango, na hannunsa. Ba su iya ce masa a'a ba, kuma da yawansu sun gaji da matan da ke cewa a ba su mai ɗan tsako. Suka riƙa manna sitikar a kwalbar yara kafin su miƙa.

Ba a yi wata uku ba sai ga takarda daga lauyan kamfani, shafi biyu, tana gargaɗin cewa manna wani abu a jikin kayan kamfani ba da izini ba laifi ne, kuma za a kai shi kotu in bai daina ba. Ya kawo mini na karanta masa ita sau biyu, na fassara masa kalmomin lauyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in maimaita masa wurin da aka ambaci mannawa. Na maimaita.

Ya ce, "Mannawa suka hana?"

"Abin da aka rubuta ke nan."

"To, madalla."

Mako na gaba ya buga ɗan tsakon a kan kati mai kauri, ya huda rami a samansa daidai faɗin wuyan kwalba. Mai kanti ya zura katin a wuyan kwalbar kamar abin wuya, babu gam, babu mannawa. Takardar lauyan kuwa ya juya bayanta, ya zana tsako sanye da hular lauya, matarsa ta rataye a saman keken ɗinki. Ba a sake aiko da wata ba. Wataƙila sun ga abin bai kai a ɓata lokaci ba.

Shekara biyar yana wannan. Kantuna goma sha bakwai ne suka riƙe katin, a gari mai ɗaruruwan kantuna. Kamfanin bai sauya kwalinsa ba. Ban san ko katin ya taɓa tsare wani yaro daga wani abu ba, domin abin da bai faru ba ba ya barin shaida, kuma ba zan ƙirƙiro masa nasarar da ban gani ba. Abin da na gani shi ne bai sake samun aikin ofis ba, gidansu ya koma ɗaki biyu daga uku, kuma bai taɓa cewa da na sani ba a gabana. Na taɓa tsokanarsa na ce ya yi asarar fanka mai fiffike biyu. Ya ce ita kam yana kewarta.

Ya rasu a watan Agusta na 2023, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara hamsin da ɗaya. Allah ya jiƙansa. Masu kantunan magani sun zo, mai walda ya zo, Inna ta zo tana dogara sanda. Manajan ma ya zo, ya zauna a gefe, ya yi ta'aziyya da ladabi. Babbar 'yarsa ce ta ci gaba da buga katin.

Bayan wata guda matarsa ta aiko a kira ni. Na iske ta a shago da gwangwanin biskit a cinya. Ta ce, "Kawu, shekara ashirin da biyar ban taɓa buɗe shi ba, yanzu ma na kasa ni kaɗai. In wasiƙun wata ne, ka karanta ka yi shiru."

Babu wasiƙar kowa. Fensiran launi ne, tsofaffi da sababbi, har da guntayen da na san su tun aji biyar, kowanne da tsagar reza a gindi. A ƙarƙashinsu akwai wani yankin kwali da rubutun yaro, rubutun da na sani domin ni na koya masa: tsaga ɗaya ja, tsaga biyu kore, tsaga uku ruwan ƙasa, gicciye ruwan lemo. A ƙasan kwalin kuma wata takarda ce naɗe huɗu, ta asibitin ido, mai kwanan watan shekarar da ya shiga maɗaba'a. Na sa tabarau na karanta ta har ƙarshe. Na tuna taswirar, da sikelin, da mutum ɗayan da aka ce ya kawo a janye. Da ya ɗaga hannu a ɗakin taron nan da ya ci gardamar a take, amma da wuya wani ya sake ba shi aikin zane a garin.

Ta ce, "Kawu, ka yi shiru. Mece ce?"

Na ce mata takardar likita ce. Tun daga haihuwa, Tawada bai taɓa iya bambanta ja da kore ba.